Saliha Mai Cin Rumfar Sama

Tanko, Sahura, ku matso. Ku ja tabarma ku zauna inda muryata za ta iske ku ba sai na ɗaga ta ba. Tanko, kora 'ya'yanka waje ka turo ƙyaure. Hantsi bai yi nisa ba, shago ba zai gudu ba. Ke kuma ajiye tsintar shinkafar nan, ba kunne ɗaya nake so ba.

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya rataya rumfa tsakaninmu da rana. Ni ce Kulu 'yar Kalgoma, wadda ta haye Tekun Toka, ta shiga Birnin Kumfa da tsintsiya ta fito da asirinsa, ta kwantar da ƙasashe uku a kan taushi. Wannan kun sani, maroƙa sun rera muku shi tun kuna goye. Yau zan ba ku wanda maroƙi bai sani ba. A ƙarƙashin tabarmar da kuke zaune akwai tulunan ƙarfe goma sha biyu, kuma kafin azahar sai kun yanke abin da za a yi da su. Kada ka sunkuyar da kai, Tanko. Na ga sawunka a bakin ramin tun makon jiya, na kuma san baƙon da ka ɓoye a masauƙi.

Kalgoma tana can ƙarshen kudu, a kan tsaunuka, inda rana ke ɓuya wata uku cur kowace shekara. Mutanenmu makiyayan tumaki ne. Ranar da rana za ta dawo kowa yakan fito, babba da yaro, a tuɓe hula, a kwance kallabi, a hau tudu a ɗaga fuska a yi mata maraba. Kwana bakwai ake yi. Gaisuwar rana ke nan, kuma wanda ya rufe kai a kwanakin nan ya zagi baƙuwa. Gidanmu ke ba da mai kira, wanda ke tsayawa a gaba ido buɗe. Bayan ubanmu, ƙanena Iro ne ya gada.

Ni sana'ar uwata na gada, shiɓar ulu da cusa katifa. Wata shekara fatake suka hauro da wata irin katifa da yarinya za ta ɗauka da hannu ɗaya, ba ta curewa, ƙuma ba ta zama a cikinta. Soso suke ce mata. Kafin shekara biyu babu mai tambayar tamu.

Iro ya ce, "Yaya, ki zauna. Tumaki za su riƙe mu."

Na ce, "Su riƙe ka. Ni sai na ga uwar wannan abu."

Tekun Toka ruwansa kauri gare shi, filafili ba ya nutsewa. Manyan kunkuraye ke jan jirage, ana rataya musu albasa a kan gora a gaban hanci, suna bi ba sa cimma. Ni aka ba riƙon gorar a madadin kuɗin jirgi. A tsakiyar teku albasar ta ruɓe ta faɗa ruwa. Kunkurun ya tsaya, ya juyo da kai yana duban mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen rago. Maza suka hau salati. Na ciro curin ulu daga ƙunshina, na murza shi da ɓawon albasar da ya rage a kwando, na rataya. Kwana tara ya ja mu yana bin gashin tunkiya. Matafiya suna ta yi masa dariya. Ni ban yi ba, hannuna ne ke riƙe da gorar.

Birnin Kumfa ganuwarsa soso ce, rawaya, tsayin giginya uku. Mashayi yakan faɗo daga soro ya tashi yana waƙa. Ba a jin kiran mai talla, ba a jin kukan jariri, bango ya shanye. Masu zubin soso ba sa ɗaukar ma'aikacin da ya iya karatu, don kada ya kwashe awon haɗi. Mai gadi yakan ɗaga wa mai neman aiki allo, ya zuba masa ido. Wanda ke gabana ya dubi allon ya yi tsalle ya waiwaya, aka kore shi da bulala. Ni na tsaya kamar turke ina kallon baƙaƙen da ban san kansu ba. Aka ba ni tsintsiya. Sai daga baya na san abin da ke jikin allon: akwai maciji a bayanka.

Ɗakin zubi aka ba ni shara. Shugabansa wani ƙato ne, Zarmai. Ruwa biyu ake haɗawa, ɗaya kamar zuma, ɗaya kamar baƙin mai. Su kaɗai dutse suke zama. Sai an tsiyaya musu na uku daga tulun ƙarfe, wani ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Haɗin yana ɗaukar zafi sai ruwan nan ya zama iska, ƙullun ya kumbura, ya hau, ya hau, har ya cika akwatin katakon da raƙumi zai tsaya a ciki.

Ranar farko Zarmai ya tara mu sababbi. Ya ce, "Kakanni sun bar mana gwaji uku. A shinshina, a shaƙa, a kanga wa wuta. Abin da ya tsallake uku ba ya cuta." Ya sa aka kawo jikansa na goye, ya buɗe masa tulun a fuska. Yaron ya yi atishawa ya ƙyalƙyale. "Kun gani? Ba ta wari, ba ta shaƙe mutum, ba ta kama wuta. Shi ya sa muke ce mata Saliha."

Alamarta ɗaya ce tak. In ana neman tulun da ke yoyo, sai a kunna fitila a sa zaren jan ƙarfe cikin harshen wutar. In Saliha na kusa, wutar sai ta koma koriya shar. Sukan ce kunya take ji.

Na lura rabinta ta kan rufin ɗaki take fita. Rabi kuma yana maƙale a 'yan ƙofofin soso, yana sulalewa sannu a hankali, shekara da shekaru, mai barci na kai. Wata rana na ce, "Maigida, ina take zuwa?"

"Sama."

"Daga nan fa?"

"Ke, mai shara, sama tana cika ne?"

Karatu a jikin tuluna na koya, ba malami. In magatakarda ya kira sunan tulu sai in dubi bakinsa in dubi zanen, in je in zana shi da yatsa a cikin shara in share. Tsawon juyi kuma da agogon yashi suke aunawa, ba a bari mu gani. Sai na gwada shi da waƙar da uwata ke yi in tana shiɓa: baiti uku ana juyawa, a kan na huɗu a zuba. Shekara tana zagayowa aka sake jera mu gaban allo. Wannan karon na karanta sarai: gyalenki ya kama da wuta. Bayana ya yi yar, har ina jin ƙauri. Ban motsa ba. Na dubi mai gadin da idon saniya har ya gaji. Ranar na koyi abin da ya fi karatu yi mini aiki, wato in san abu fuskata ta ƙi nunawa.

Wanda ya share ɗakin zubi ba ya fita birni da ƙafarsa. Amma duk sulusin wata ana tura soson da ya lalace cikin kogi. Na rarake cikin wani babba da wuƙar yankan kubewa, na shige da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli, na toshe. Su da kansu suka ɗauke ni suka jefa. Kwana uku kogi na juya ni har ya tofar da ni nan Zangon Marke.

Saliha ba ɓoyayya ba ce, a bakin kowace tashar jirgi ana sayar da ita. Awon ne asiri, shi kuwa yana kaina. Na fara da akwati ɗaya. Na auri ubanku Nomau, mutumin kirki wanda ko kaza ba ta tsoronsa, na haife ku, zazzaɓi ya ɗauke shi Sahura tana rarrafe. Akwati ɗaya ya zama ashirin. Katifar da ta fi kowace kyau da na taɓa zubawa, kaurin taƙi biyu, na ɗora wa fatake na ce a kai wa Iro.

Bayan shekara goma sha takwas na ce bari in je gida in ga gaisuwa. Tun daga gindin tsauni na fara ganin abin da ban sani ba. Tumaki suna karo da duwatsu, idanunsu fari fat. Makiyaya da gyambo a hanci da kunne, wanda ba ya warkewa. Ciyawa a ƙone, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi.

A mashigin ƙarshe akwai hasumiya, a nan ayari ke yada zango. Mai ita wata tsohuwa ce, Goggo Zinaru, aikinta awon sama. Tana sakin salkar fatar kifi a kan zare mai tsawon tafiyar yini, ta ɗebo iskar can ƙoli ta jawo. Ta ga ina kallo, ta ce in riƙe mata zare.

Ta ce, "'Yata, kin san akwai rumfa a kanmu? Ba a ganin ta. Da siririn zaren iska aka saƙa ta, tana tace rana kamar rariya, ta riƙe dafin ta sako mana haske. To ta huje, kuma a kan Kalgoma hujin yake. Wani abu ke cin ta. A watannin duhu yana taruwa a jikin gajimaren ƙanƙara yana barci. Ranar da rana ta dawo, ranar yake farkawa. Ƙwayarsa ɗaya sai ta tsinke zare dubu ɗari ta fito da yunwarta, kuma ya fi mutum tsawon rai."

Na ce, "Daga ina yake?"

"Da na sani da ban kwana nan ba. Ba na Kalgoma ba ne, nan me ake ƙerawa ban da cuku? Daga nesa iska ke kawo shi. Alama ɗaya na samu. Zo ki gani."

Ta kunna fitila, ta sa zaren jan ƙarfe, ta kwance bakin salka. Wutar ta koma koriya shar.

"Ke da kika bi ƙasashe, kin taɓa ganin irin wannan?"

Na tsaya kamar yadda na tsaya gaban allon mai gadi. Na ce, "Ni mai shara ce, Goggo. Me na sani?"

Na iske Iro a ƙofar gida yana laluben sandarsa. Idon hagu ya tafi, na dama farar yana ta rufe rabinsa. Da murya ya gane ni.

"Yaya Kulu, kin yi ƙiba, har ƙasa na amsawa. Zo ki ga katifarki. Duk garin nan an zo an zauna a kai, har mai unguwa sai da na kore shi."

Na ce, "Iro, gobe in za ka hau tudu ka sa malafa."

Ya yi dariya har da tari. "Birni ya lalata ki. Mai kira da malafa? Ai fushi take yi da mu, shi ya sa take ƙona mu. Dattawa sun ce mun yi sakaci da gaisuwa, matasa suna leƙowa su koma. Bana kwana goma sha huɗu za mu yi, mu ba ta haƙuri."

"Na ce ka sa malafa."

"To ba ni dalili. Ke ba kya magana banza, tun muna yara. Ba ni dalili ɗaya in sa, in sa duk garin su sa."

Dalilin yana kan harshena, ina jin nauyinsa. In na faɗa, sai ya ce ta yaya kika sani. In na faɗi wannan, kafin wata ya kama labari ya sauka tsauni, akwati ashirin su zama itacen girki, ku biyu kuna jira na a nan da baki buɗe.

Na ce, "Tsufa ka yi, sanyi zai kama maka kai."

Ya ce, "Ke ce babba, ke za ki sa."

Washegari gari duka ya hau tudu. Na ce zazzaɓi nake yi. Na kwanta a ɗakinsa, a kan katifar, ina jin muryarsa daga nesa yana kiran rana da sunayenta bakwai. Kwana goma sha huɗu. Katifar ba ta cure ba ko kaɗan, aikina mai kyau ne.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya faɗi haka bai je Kalgoma ba. A Birnin Kumfa ko ciwon kai ba wanda ya yi.

Shekara uku bayan nan Goggo Zinaru ta gano sunan abin ba da taimakona ba. Shekara ukun da kalma ɗaya tawa za ta rage mata. Sarakunan ƙasashe bakwai suka zauna, karo na farko da suka yarda a kan abu ɗaya, suka hana Saliha. Aka ce kowa ya kai tulunansa Murhun Baƙin Dutse, inda wuta ke da zafin da zai kashe ta. Aka kawo wata iskar a madadinta, wadda ba ta taɓa rumfa, amma tana da tsada, tana kama wuta, sosonta kuma ba ya tashi kamar na da. Masu zubi suka yi layi da raƙuma. Ni ma na yi layi, na kai biyar, aka shafa mini albarka. Arba'in kuwa na saye a hannun masu rawar jiki, na lulluɓe su da tabarmi na ce zuma ce, na haƙa ramin nan.

Masu bincike suna yawo da fitilarsu gida gida. Kun tuna shekarar da na kwashe ɗakin zubi na mayar bayan layin maƙeran jan ƙarfe, kowa na cewa Kulu ta haukace, wa zai zauna cikin wannan ƙara? A layin nan kowace wuta koriya ce tun kaka da kakanni. Mai bincike ya zo ya kunna fitila, ya ga kore, ya dubi maƙera, ya kashe ya sha fura ya tafi. Shekara tara ina zubi. Katifar Kulu ta fi ta kowa taushi, ta fi ta kowa araha, ana cewa hannu ne.

A shekara ta shida sanƙira mai shela ya karanta saƙon Goggo Zinaru a kasuwa. Ta ce bisa awonta ya kamata rumfa ta ɗinke fiye da haka. Akwai wanda bai daina ba, kuma daga gabas iskar ke zuwa, wato ɓangarenmu. Ina tsaye ina tayin tattasai. Na ce wa mai tattasan ya ƙara mini gyara.

Da Saliha kuka yi ƙiba. Da ita ka yi karatun da ni na sata a jikin tulu, Tanko. Da ita aka yi miki kayan ɗakin da aka yi wata ana zance, Sahura. Ban faɗa don ku gode ba, kuma ban faɗa don ku ɗauke mini ba. Kada ki yi mini kuka, share fuskarki, ban gama ba.

A shekara ta tara fatake suka sauke mini kaya a ƙofar gida, naɗe da igiya. Katifar Iro ce. Gyambon kunnensa ya ci ciki. Madugun ya ce ya bar wasiyya a dawo wa Yaya da ita, wai bai taɓa samun kyauta irinta ba, kuma ya ji a muryata ba na samun barci. Ranar na rufe ramin nan da dutse a kan goma sha biyun da suka rage. Kun sha tambayata don me uwar katifa take kwana a tabarma. Na ce muku ciwon baya ne.

Yanzu ga inda muke. Ƙarfe ba ya zama a ƙasa har abada. Yau da safe na ɗage dutsen na miƙa fitila, tsatsa ta huda ɗaya. In an bar su, su da kansu za su tafi sama ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa hannu. Baƙonka, Tanko, zai kwashe su ya kai tsibiran da doka ba ta isa ba, a zuba su katifa, kai kuma ka buɗe shago na biyu, ba mai ji ba mai gani. Na san abin da ke bakinka: tulu goma sha biyu me za su yi wa sama? Na taɓa jin wannan tambayar a bakin wanda ya fi ka ƙiba.

Ayarin Murhu kuma yana tashi bayan azahar, ba wani sai baɗi. Kun san doka a kan wanda ya kai bayan wa'adi. Za a karɓa a ƙona, amma za a shafa wa ƙyauren gidansa koren fenti, a rufe masa sana'a shekara bakwai, a kira sunansa a kasuwa bakwai. Shagonka zai rufu. Ke kuma surukanki za su ji sunan uwarki a bakin sanƙira, ranar kasuwa, gaban kowa. Kuma har Kalgoma za a ji, inda ɗan Iro ke kira yanzu. An ce garin sun koyi sa malafa. Mai kira ne kaɗai har yau yake tsayawa kai a buɗe, don ya ce ubansa bai rufe ba.

Za ku ce don me ban yanke da kaina ba, ni da ban taɓa shawara da kowa ba. Ni na kusa tafiya. Ba ni zan zauna shekara bakwai bayan koren ƙyaure ba, ku ne da 'ya'yanku. Kuma wadda aka ɗaga wa allo sau da yawa haka ba ta waiwaya ba, ba a ba ta alƙalanci. Tulu ɗaya ma ba zan iya ɗagawa ba, ko na so.

Sahura, miƙo fitilar can, zaren yana jikinta. Tanko, tashi ka naɗe tabarmar ka ɗage dutsen. Ku duba launin wutar da idonku tun kuna da shi. Sannan ku faɗa mini wanda za a aika a kira, baƙonka ko mai raƙuma. Inuwa ta fara gajarta.